Ku Tambaya Mu Amsa: Haɗa Bidiyon Tafiyar Hadari da Hazo Daga Ajiyayyun Hotunan Tauraron Ɗan'adam

Tambayoyin wannan fitowa sun taru a kan abu ɗaya, wato yadda ake ɗauko hotunan da taurarin lura da yanayi suka ɗauka aka adana, a jera su, a mayar da su bidiyon da ke naɗe tafiyar kwana guda cikin 'yan sakanni. Waɗanda suka yi kama da juna mun haɗe su wuri guda.

Ni malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare a Zariya. Ina so ɗalibaina su gani da idonsu yadda hadarin damina ke tasowa daga gabas ya nausa yamma. Wane tauraro zan nema, kuma a ina?

Malam, Meteosat za ka nema, na hukumar EUMETSAT ta ƙasashen Turai mai hedikwata a Darmstadt ta Jamus. Yana can kimanin kilomita 35,800 a saman ikweta, daidai inda layin Girinwic ya ratsa, wato saman tekun da ke kudu da Ghana. A wannan nisa, kafin ya zagaye duniya sau ɗaya ita ma ta juya sau ɗaya, shi ya sa yake kamar a kafe wuri guda. Wannan kafuwa ita ce jarin mai haɗa bidiyo, domin kyamara tana nan daram, gizagizai ne kawai ke tafiya.

Na'urar ɗaukar hoton da ke jikinsa sunanta SEVIRI. Tun 2004 take ɗaukar fuskar duniya gaba ɗaya duk minti 15, hoto 96 ke nan a rana, ta kafofi 12, kowace kafa da irin hasken da take gani. Ɗigo ɗaya a hoton yana wakiltar kimanin kilomita 3 a ƙasa. Kafar da za ka ɗauka ita ce IR_108, wadda ba hasken rana take gani ba, zafin da abu ke fitarwa take aunawa. Dalili kuwa, hadarinmu yakan fara haɗuwa ne bayan azahar a kan tuddai irin su tsaunukan Jos, duwatsun Ayar da tsaunukan Kamaru, ya ƙasaita da dare, ya yi ta tafiya har gari ya waye. Idan ka ɗauki kafar hasken rana, magariba na yi bidiyonka zai yi baƙi ƙirin, daidai lokacin da wasan ya fara daɗi. IR_108 ba ruwanta da dare ko rana. Saman babban hadari yakan yi sanyi ƙasa da digiri 60 a ƙarƙashin sifiri, ƙasa kuwa tana da ɗumi, sai ya fito ɓaro-ɓaro.

Za ka yi rajista kyauta a shafin EUMETSAT, ka shiga rumbunsu mai suna Data Store, ka nemi tarin da lambarsa ita ce EO:EUM:DAT:MSG:HRSEVIRI. Akwai wani tarin mai hoto duk minti 5, kada ya ruɗe ka. Don Turai aka yi shi, iyakarsa ta kudu ta tsaya wajen digiri 15 arewa, alhali Zariya tana digiri 11, Kano 12. Akwai kuma sabon tauraro, Meteosat-12, da aka harba a Disamba 2022, mai kafofi 16 da hoto duk minti 10. Hotonsa ya fi kyau, amma ajiyarsa ba ta yi nisa ba tukuna, fayilolinsa kuma sun fi nauyi. Mai koyo ya fara da SEVIRI.

Na sauke fayil uku kawai datata ta ƙare. Haka abin yake, ko kuskure na yi? Ɗaliba daga Maraɗi.

Ba ki yi kuskure ba, 'yar'uwa, lissafi ne ba ki fara yi ba. Fayil ɗaya na SEVIRI mai ƙarshen .nat yana kai megabait 270 idan aka kwance shi, don ya ƙunshi kafofi 12 da faifan duniya gaba ɗaya, ɗigo 3712 a tsaye 3712 a kwance. Kwana ɗaya ya doshi gigabait 26. Damina guda daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Satumba kwana 122 ce, fayil 11,712, sama da terabait 3. Kin ga kuwa ba aikin datar waya ba ne.

Abin da kike buƙata daga cikin wannan tuli ɗan kaɗan ne. A ce yankinki ya tashi daga digiri 0 zuwa 24 gabas, da digiri 6 zuwa 24 arewa. Wannan akwati ya haɗa Yamai, Legas, Kano, Agadas, Tafkin Chadi har zuwa Tibesti. Idan kowane ɗigo ya zama digiri 0.03, hoton zai fito 800 a kwance 600 a tsaye, kuma kafa ɗaya ba za ta kai megabait 2 ba. Megabait 2 a maimakon 270.

Hanyar yanka tun daga can ita ce Data Tailor, wata hidima ta EUMETSAT da ke haɗe da rumbun. Ki faɗa mata kafar da kike so, iyakokin yankin, da siffar fayil, ko NetCDF ko GeoTIFF, ita za ta yi yankan a kan kwamfutocinsu ta miƙo miki ɗan guntun. Ki zaɓi NetCDF, domin yana riƙe ainihin alkaluman zafi, hoton PNG kuwa ya riga ya zama launi, ba kya iya komawa baya. Wurin ajiyar da suke ba kowa yana da iyaka, saboda haka ki riƙa share aikin da kika sauke, in ba haka ba sabon aiki zai ƙi tashi. Idan fayilolin suna da yawa, akwai 'yar manhajarsu mai suna eumdac, ana saka ta da pip install eumdac, a ba ta mabuɗai biyu da ke shafin asusunki, ta yi nema da saukewa ba sai kin yi ta danna linzami ba.

Wata hanyar mai sauƙin nauyi ita ce tarin da ake kira Merged IR na cibiyar hasashen yanayi ta Amurka, wanda NASA ke rabawa a rumbunta na GES DISC. Hoton zafi ne da aka ɗinke daga taurari daban-daban, kilomita 4, duk minti 30, tun daga Fabrairun 2000. Kowane fayil na awa ɗaya ne mai hoto biyu a ciki, kuma shafin yana bari a yanki yanki kafin a sauke. Don kallon tafiyar hadari kawai, ya wadatar.

Kafin duk wannan dai, ki fara leƙa EUMETView, shafin EUMETSAT, inda ake kallon hotunan a burauza, ki tabbatar ranakun da kika zaɓa akwai abin kallo a cikinsu. Mutane da yawa sukan sauke mako guda su tarar sararin sama fayau.

Fayilolin .nat suna hannuna, amma babu manhajar hoto da ta yarda ta buɗe su. Daga nan sai ina? Mai karatu daga Kaduna.

Ai ba hotuna ba ne tukuna, lambobi ne. Kowane ɗigo lamba ce tsakanin 0 da 1023, sai an juya ta zuwa ƙarfin haske, sannan a juya wannan zuwa ma'aunin zafi na Kelbin da alkaluman da ke cikin kan fayil ɗin. Ba sai ka yi wannan da hannu ba. Manhajar Satpy, wadda ke aiki da yaren Python, kyauta ce kuma don wannan aka gina ta. Ka saka ta da conda install -c conda-forge satpy, ya fi pip rashin rigima, musamman a Windows.

Abu na farko, kada ka taɓa sunan fayil ɗin. Satpy da suna take gane fayil, idan ka mayar da shi hadari1.nat za ta ce ba ta ga komai ba. Ka buɗe shi da makarancin da ake kira seviri_l1b_native, ka ce ta ɗauko IR_108 kaɗai. Za ta miƙo maka alkaluman a Kelbin.

Na biyu, ka ƙayyade yankinka sau ɗaya tak, da iyakokinsa da girman ɗigonsa, da create_area_def na manhajar pyresample wadda ke zuwa tare da Satpy, sannan kowane fayil ka zuba shi a cikin wannan ma'auni da resample. Nan ne aikin yake. Idan ka bar kowane hoto ya yanki kansa, za ka ga taswira tana rawa a bidiyo. Akwai ma wata 'yar karkata da ba kowa ya sani ba: hotunan da aka ɗauka kafin Disamba 2017 sun goce da kimanin kilomita 1.5 daga inda ya kamata su zauna. Satpy tana gyara wannan yayin zubawa a yanki, amma wanda ya yanka da lambar layi kawai zai ga bakin teku ya yi tsalle idan bidiyonsa ya ratsa wancan lokaci.

Na uku, ka zana iyakokin ƙasashe da bakin teku, ka sa ɗigo a kan garuruwa huɗu ko biyar, da Cartopy ko pycoast. Hoton zafi ba shi da alamar da mai kallo zai kama, in babu taswira sai ka ce hayaƙi ne ke yawo. Layin ya zama siriri, ruwan ɗorawa ko shuɗi mai haske, kada ya zama fari, domin farin zai ɓace cikin hadari.

Na huɗu, ka rubuta kwanan wata da lokaci a kusurwa ɗaya ta kowane hoto, wuri ɗaya, girma ɗaya. Ka adana a PNG da suna mai lamba huɗu: hoto_0001.png, hoto_0002.png, haka har ƙarshe. Sifiran nan na gaba suna da amfani, in babu su kwamfuta za ta jera 10 kafin 2.

Fayil ɗaya-ɗaya za ka riƙa buɗewa, ka gama da shi ka sake shi. Kafa ɗaya ta cikakken faifai kimanin megabait 55 take ci a ƙwaƙwalwar aiki, don haka kwamfuta mai gigabait 8 ta isa, muddin ba ka ce ta rungumi fayil 96 lokaci guda ba. Ka kuma sa shirin ya riƙa duba ko hoton da zai yi yana nan, in yana nan ya tsallake. Ranar da aka ɗauke wuta yana hoto na 412, za ka gode wa wannan layi ɗaya.

Bidiyona yana ƙyaftawa, haske ya ƙaru ya ragu kamar fitilar da batirinta ya yi sanyi. Hotunan kuwa ɗaya-ɗaya lafiyarsu ƙalau. Mai karatu daga Gombe.

Wannan ita ce cutar da ta fi kama masu farawa, kuma maganinta lamba biyu ne. Yawancin manhajojin zane idan ka ba su alkaluma ba ka ce komai ba, sai su duba mafi sanyi da mafi zafi a cikin hoton da ke gabansu, su shimfiɗa launi daga wannan zuwa wancan. A hoto ɗaya babu laifi. Amma a jere, hoton ƙarfe uku mafi sanyinsa Kelbin 230 ne, na ƙarfe huɗu wani hadari ya tsiro ya kai 195, sai launin komai ya canja, har da ƙasar da ba abin da ya same ta. Ka kafa iyaka da kanka: ƙasa 190, sama 320, a kowane hoto daga farko har ƙarshe. A manhajar zane ta matplotlib su ne vmin da vmax. Ka juya launin yadda sanyi zai zama fari, zafi ya zama baƙi, don haka ido ya saba ganin gajimare.

Idan hadari ne abin nunawa, ka bar toka-toka daga 320 zuwa 235, daga nan zuwa ƙasa ka sa launuka, misali shuɗi daga 235, kore daga 220, ja daga 205. Lambar 235 ba mu muka ƙirƙiro ta ba, masu kimanta ruwan sama daga tauraro sun daɗe suna amfani da ita a matsayin iyakar gajimaren da ake sa ran yana zuba. Kada ka wuce launi uku ko huɗu. Bakan gizo yana da kyau a sama, a taswira kuwa ruɗa mai kallo yake yi, ya sa ya ga iyaka inda babu.

Bayan ka kafa iyakar za ka ga wani numfashi ya rage: Sahara tana yin baƙi da rana, ta yi fari-fari da asuba, kullum. Wannan ba cuta ba ce, kada ka gyara. Yashi ne ke ɗaukar zafi yana saki. Tafkin Chadi kuwa za ka ga ya juya, da rana ya fi kewayensa haske, da dare ya fi shi duhu, domin ruwa ba ya saurin zafi ba ya saurin hucewa. Malamin da ke neman abin nuna wa ɗalibai, ga shi nan a banza.

Idan ƙyaftawar hoto ɗaya ce tak a wajen tsakar dare, a watannin Maris ko Satumba, to rana ce ta leƙo ta bayan duniya ta haska cikin na'urar. Kafar IR_039 ta fi shan wannan. Ka cire hoton ka maimaita na gabansa. Idan kuma da kafar HRV mai kilomita 1 kake aiki ka ga gefen hoto yana yankewa yana matsawa, ita dama ba ta ɗaukar faifan duka, tagarta ta kudu tana bin hasken rana daga gabas zuwa yamma.

Na gama hotuna 672 na mako guda. Yaya zan ɗinke su, kuma da wane sauri? Mai karatu daga Zinder.

Da manhajar haɗa bidiyo ta ffmpeg, layi ɗaya:

ffmpeg -framerate 12 -i hoto_%04d.png -c:v libx264 -pix_fmt yuv420p -crf 20 hadari.mp4

Hoto 12 a sakan yana nufin kwana ɗaya sakan 8, makonka sakan 56. A 24, sakan 28. Mu dai a ganinmu, wanda zai tsaya gaban aji yana bayani ya tsaya tsakanin 8 da 12, wanda zai nuna wata guda ko damina ya hau 24 ko 30. Lambar crf idan ta ragu hoto ya fi kyau fayil ya fi nauyi, tsakanin 18 da 23 ake zama. Kalmar yuv420p ita ce ke sa wayoyi su iya kunna bidiyon, amma tana da sharaɗi: tsawo da faɗin hoto su zama lambobin da biyu ke rabawa. 800 da 600 lafiya, 801 kuwa zai sa aikin ya tsaya da ƙorafi.

Inda gizo ke saƙa shi ne giɓi. Rumbun ba ya rasa ramuka, wani lokaci an tsayar da na'urar don gyara, wani lokaci saukewarka ce ta yanke. Idan lamba ta ɓace a jerin, a ce babu hoto_0213, ffmpeg zai tsaya a 212 ya ba ka guntun bidiyo ba tare da ya ce uffan ba. Idan kuma ka sake lambobin don toshe ramin, hadari zai yi tsalle, mai kallo ya ɗauka gudu ya ƙara. Abin yi shi ne ka fara rubuta jerin lokutan da ya kamata a samu, duk minti 15, ka gwada da abin da ke hannunka. Ramin hoto ɗaya ko biyu, ka maimaita na baya. Ramin awa ɗaya ko fiye, ka sa taswira zalla da rubutun cewa babu hoto. Akwai dabarar da ffmpeg ke ƙirƙiro hotunan tsakiya da kansa don tafiya ta yi santsi, sunanta minterpolate. Ba mu ba ka shawararta a nan. Gajimare ba tafiya kawai yake ba, yana tsirowa yana narkewa, sai dabarar ta riƙa murɗa gefensa, ta nuna abin da tauraro bai gani ba.

GIF kuma ka bar shi sai in hotunan ba su wuce talatin ba. Launi 256 kawai yake ɗauka, nauyinsa kuma ya ninka na MP4. In za ka tura ta WhatsApp, ka tura a matsayin takarda, in ba haka ba zai matse bidiyon har rubutun lokaci ya dagule. Ka rubuta sunan EUMETSAT da shekarar hoton a gefe, sharaɗinsu ne.

An ce hazon hunturu daga Chadi yake zuwa. Na gwada da IR_108 a watan Janairu ban ga ƙurar kirki ba. Ma'aikaciyar lafiya daga Maiduguri.

Gaskiya aka faɗa miki, Malama, kafar ce ba ta dace ba. Babbar mahaƙar ƙurar ita ce kwarin Bodele, arewa maso gabas da Tafkin Chadi, wajen digiri 17 arewa da 18 gabas. Gindin tsohon tafki ne da ya ƙafe, ƙasarsa fara ce mai laushi kamar gari, ragowar ƙananan halittun ruwa. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi ta kwashe ta. Ƙurar hunturu ƙasa-ƙasa take tafiya, zafinta bai bambanta da na ƙasar da ke ƙarƙashinta sosai ba, shi ya sa kafa ɗaya ba ta raba su.

Kafa uku ake haɗawa: IR_087, IR_108 da IR_120. Launin ja shi ne IR_120 a debe IR_108, daga -4 zuwa +2. Kore shi ne IR_108 a debe IR_087, daga 0 zuwa 15, da gamma, wato saitin ƙarfin haske, a 2.5. Shuɗi shi ne IR_108 ita kaɗai, daga Kelbin 261 zuwa 289. Sirrin yana cikin jan: ƙura tana tare hasken kafar IR_108 fiye da na IR_120, siririn gajimaren ƙanƙara kuwa akasin haka yake yi. Sai ƙura ta fito ruwan hoda mai ƙarfi, hadari mai kauri ya fito ja mai duhu, siririn gajimaren sama ya fito baƙi-baƙi. A Satpy ba sai kin haɗa da hannu ba, ki nemi dust kawai, kuma iyakokinsa a kafe suke, ba zai ƙyafta ba.

Abin da za ki gani yana da ban sha'awa. Da hantsi, wajen ƙarfe tara zuwa goma, sai wani harshe ruwan hoda ya fito daga wuri ɗaya kamar an buɗe bututu, ya miƙe kudu maso yamma. Lokacin yana da dalili: iska mai gudu tana kwana a sama kaɗan da ƙasa, rana na ɗumama ƙasa sai ta sauko da ƙarfinta. Gobe da hantsi wani harshen ya sake fitowa, na jiya kuma ya yi gaba ya baje. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu ya iso Barno da Kano. Ki ɗauki kwana biyar a jere tsakanin Disamba da Fabrairu, hoto duk minti 30 ya isa.

Abu biyu za su iya yaudarar ki. Da dare launin ƙasar hamada kan karkata zuwa na ƙura, to ki duba motsi, ƙura tana tafiya, ƙasa tana nan inda take. Sannan idan ƙurar ta gangara kudu inda iska ke da laima, launin yakan dushe ko da mutanen ƙasa suna shaƙar ta. Dushewar launi a saman Inugu ba shaidar cewa hazo ya ƙare ba ce.

Bidiyo ya nuna hadari a kan garinmu ƙarfe biyar, alhali ruwan ƙarfe shida ya sauka. Kuma da na buɗe fayil ɗin da wata manhaja, Afirka ta fito a kife. Mai karatu daga Katsina.

Lokacin da ke jikin fayil na Girinwic ne. Najeriya, Nijar, Chadi da Kamaru suna gaba da awa ɗaya, Sudan da awa biyu, Ghana kuwa daidai take da shi. Ga awarka ɗaya ta dawo. Sauran 'yan mintuna kuma: na'urar ba ƙyas ɗaya take ɗauka ba, layi-layi take bi daga kudu zuwa arewa cikin minti 12 da ɗoriya, takan iso saitin Katsina minti bakwai zuwa takwas bayan farawa. Lokacin da ke cikin sunan fayil na gamawa ne, shi ya sa za ka ga 12:57 a fayil ɗin 12:45. Wannan bi daga kudu, kuma daga gabas, shi ne ya kife maka hoton. Zubawa a yanki da resample tana miƙar da shi.

Ka kuma tuna saman gajimare tauraro ke gani, kuma a karkace. Kan hadari mai tsayin kilomita 15 a yankinku yakan bayyana kimanin kilomita 5 arewa maso gabas da ainihin inda yake. Rumfar hadari kuma ta fi inda ruwa ke zuba faɗi nesa ba kusa ba, sau da yawa farin ya rufe gari ko ɗigo bai sauka ba.

Ina so in jera daminar 1984, shekarar fari, kusa da ta 2012 da aka yi ambaliya. Zai yiwu? Ɗalibin jami'a daga Sakkwato.

Zai yiwu, amma ba da SEVIRI ba, tunda a 1984 ba a yi ta ba. Meteosat na wancan zamani kafa uku gare shi, hoto duk minti 30, ɗigon zafi kilomita 5. Kada ka ɗauki 1984 daga tsohuwar na'ura ka ɗauki 2012 daga sabuwa, bambancin da za ka gani rabi na na'ura ne. Ka ɗauki duka biyun daga GridSat-B1 na hukumar NOAA ta Amurka, wanda ya faro daga 1980, aka daidaita ma'aunin taurarin da juna, aka zuba su a ma'auni ɗaya na digiri 0.07, kimanin kilomita 8, hoto duk awa uku. Damina guda hoto 976 ke nan. Da manhajar cdo, ka yanki yankinka da cdo sellonlatbox, ka haɗe fayilolin da cdo mergetime, sannan ko Python ko Panoply ta NASA, wadda ke buɗe NetCDF ta fitar da bidiyo ba tare da rubuta shiri ba. Ffmpeg yana jera bidiyo biyu kafaɗa da kafaɗa da hstack, muddin tsayinsu ɗaya.

Hadarin da ke gudun kilomita 50 a awa zai yi tsallen kilomita 150 tsakanin hoto da hoto, saboda haka ba za ka bi hadari ɗaya da ido ba. Abin da zai fito shi ne ɗamarar gizagizan gaba ɗaya, inda ta kai a arewa da yawan cikarta. Shekarun farko suna da ramuka, ka ƙirga su ka faɗa, kada ramin ajiya ya zama fari a idon mai kallo. Alkaluman ruwan da ya sauka kuwa sai ka nema wajen NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, ko cibiyar AGRHYMET da ke Yamai.

Tauraron GOES na Amurka ba ya buƙatar rajista. Me zai hana in yi amfani da shi? Mai karatu daga Kumasi.

Wurin zamansa. GOES na gabas yana digiri 75.2 yamma, ganinsa ya ƙare wajen digiri 6 gabas a ikweta. Kano ba ta ciki sam, Kumasi kuma tana can bakin faifai a matse. Amfaninsa gare ka shi ne bin ƙurar Sahara bayan ta faɗa Atilantika, kamar gagarumar ƙurar Yunin 2020 da ta kai tsibiran Karibiyan. Fayilolin wancan lokaci suna rumbun Amazon mai suna noaa-goes16, an jera su da shekara, lambar rana da awa, wato 20 ga Yunin 2020 ita ce rana ta 172. A kan teku launin zahiri ya fi nuna ƙura, kuma ta fi fitowa da safe, sa'ad da rana ke bayanta ta gabas. Ka ɗauki hoto ɗaya kullum a awa ɗaya, tsawon mako biyu, ka kunna a hoto 3 a sakan.

Ba ni da kwamfuta, waya ce kawai. Akwai rabona a ciki? Mai karatu daga Garwa.

Akwai. EUMETView yana da maɓallin kunna hotuna a jere, har da haɗin ƙurar nan ruwan hoda, sai ka naɗi fuskar wayarka yayin da yake tafiya. Shafin Worldview na NASA kuma yana da hotunan na'urar MODIS tun daga 2000, masu kaifin mita 250. Taurarin da ke ɗauke da ita masu ratsawa ne ta saman wuri sau ɗaya da rana, don haka ba su dace da hadari ba, sun dace da abin da ke canjawa a hankali, kamar cikar kogin Binuwai ko korewar ƙasa daga Mayu zuwa Satumba. Za ka ga baƙaƙen tsagogi a hoton kusa da ikweta, inda zagaye ɗaya bai haɗu da na kusa da shi ba. In sun dame ka, ka koma hoton wata na'urar mai suna VIIRS a shafin, faɗin ɗaukarsa ya fi, babu tsaga. Ka kwantar da wayar a kwance, ka bar jerin ya zagaya sau ɗaya ya gama lodi, sannan ka fara naɗa.